Ribaɗin Mansuri: Gidan Baƙi Na Bakin Masallacin Ƙudus Da Makomarsa



Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu kai ku wata gajeriyar hanya da ke tsakiyar tsohon birnin Ƙudus. Wanda ya baro kasuwar da ake kira Hanyar Wadi ya fuskanci gabas, yana nufin shiga harabar Masallacin Aƙsa ta ƙofar da ake ce wa Babun Nazir, kafin ya kai ƙofar sai ya ratsa tsakanin manyan gidaje biyu na dutse, suna duban juna. Na hannun hagu shi ne Ribaɗin Ala'uddin Albasir, na hannun dama kuwa shi ne Ribaɗin Mansuri. Kowannensu ya haura shekara 740 a tsaye. Idan mai wucewa ya dubi waɗanda ke zaune a bakin gidajen nan, zai ga fuskoki irin waɗanda ya saba gani a Kano da Maiduguri da Abeshe, domin kuwa mazaunansu jikokin alhazanmu ne waɗanda suka tafi ba su komo ba.

Gidajen sun tsufa, kuma mutanen da ke ciki sun yi musu yawa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: me ya kamata a yi da gidan waƙafi idan ya kai wannan hali? Za mu fi mai da hankali ga Ribaɗin Mansuri domin shi ne babba, amma labarinsa ba ya rabuwa da na maƙwabcinsa.

MA'ANAR RIBAƊI

A ƙasarmu idan aka ce ribaɗi, abin da ke zuwa a zuciya shi ne garuruwan tsaro irin waɗanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a bakin iyaka, kamar Wurno inda ya zauna. Wannan ita ce ma'anar asali, watau wurin da ake ɗaure dawaki ana dakon abokan gaba. Amma da zamani ya yi nisa, a Masar da Sham da Hijaz kalmar ta koma tana nufin masauki wanda wani mai hali ya gina, ya tsare shi domin Allah, ya ce matalauta da baƙi masu ziyara su zauna ciki ba da ko anini ba. A Makka da Madina da Jidda an yi irin waɗannan gidaje masu yawa, wasu na tsofaffin mata, wasu na almajirai, wasu na mutanen wata ƙasa musamman.

Asalin hukuncin waƙafi kuwa sananne ne ga ɗalibai. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya sami gona a Haibara, ya nemi shawarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka nuna masa ya tsare asalin gonar ya yi sadaka da amfaninta. Tun daga nan abin da aka yi waƙafinsa ya fita daga ciniki da kyauta da gado. A kan wannan tushe aka gina gidajen da muke magana a kansu.

WAƊANDA SUKA GINA SU

Salahuddin Al'ayyubi ya karɓe Ƙudus daga hannun mayaƙan Turai a shekara ta 583 Hijira, daidai da 1187. Bayan zuriyarsa sai mulki ya koma hannun Mamalik, watau sarakunan da asalinsu bayi ne da aka horar da su aikin soja. Waɗannan sarakuna sun ƙawata gefen yamma da gefen arewa na harabar Masallacin da makarantu da masaukai, har yau gine-ginensu su ne adon tsohon birnin.

A zamanin Sarki Baibaras aka naɗa wani amir mai suna Ala'uddin Aidugdi ya zama mai kula da waƙafin masallatai biyu, na Ƙudus da na Halil inda kabarin Annabi Ibrahim yake. Wannan bawan Allah makaho ne, amma saboda kaifin hankalinsa da iya tafiyar da al'amura sai aka yi masa laƙabi da Albasir, watau mai gani. A shekara ta 666 Hijira, daidai da 1267, ya gina ribaɗinsa domin matalauta masu zuwa ziyara. Ya rasu a 693 Hijira, aka binne shi a cikin ginin. Sunan muƙaminsa na Nazir shi ne ya bi ƙofar Masallacin har yau.

Bayan shekara 15, watau a 681 Hijira, daidai da 1282, Sarki Mansur Ƙalawun ya ba da umurni a gina wani ribaɗi mafi girma daura da na farko. Shi ne sarkin da ya gina babban asibitin nan na Alƙahira wanda ake kira da sunansa. A bisa ƙofar ribaɗin akwai rubutu a jikin dutse mai ɗauke da sunan sarkin da shekarar ginin, yana kuma bayyana cewa an tsare gidan ne domin matalauta da masu ziyarar Ƙudus. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi a zuciyarsa, domin shi ne ma'aunin duk abin da za mu faɗa nan gaba.

Fasalin ginin mai sauƙi ne. Akwai babbar ƙofa wadda aka jera duwatsunta ja da fari bi da bi, da dakali a kowane gefe. In ka shiga zaure, ta gefe guda akwai babban ɗakin taro mai rufin baka wanda ginshiƙai suka tallafe, ta ɗaya gefen kuma akwai faffaɗar tsakar gida wadda ƙananan ɗakuna suka kewaye. Kowane ɗaki an yi shi ne domin baƙo guda ko biyu, ya ajiye buzunsa da gafakarsa, ya kwana, gari ya waye ya nufi masallaci. Alƙali Mujiruddin Alhanbali ya ambaci ribaɗan nan biyu a cikin tarihin Ƙudus da Halil da ya wallafa wajen shekara ta 900 Hijira. A zamaninmu kuma wani Bature masanin gine-gine, Michael Burgoyne, ya auna su ya zana taswirarsu a cikin babban littafinsa na gine-ginen Mamalik a Ƙudus, wanda ya fito a 1987.

YADDA MUTANENMU SUKA ISA CAN

Matasan yau da ke shiga jirgin sama a Kano da hantsi su yi sallar la'asar a Jidda ba za su gane wahalar da kakanninmu suka sha ba. A da mutum yakan yi sallama da iyalinsa kamar wanda ba zai dawo ba, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan har bakin Bahar Maliya, yana tafe yana tsayawa ya yi noma ko ɗinki ko ƙira ya sami guzuri. Wani yakan yi shekara biyar, wani goma, wani kuma a hanya zai yi aure ya haifu. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu a Sudan, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne na wannan hanya. Larabawa sukan kira duk mutanen da suka fito daga yammacin ƙasashen baƙar fata Takarina, daga sunan tsohuwar daular Takrur, daga nan ne kuma muka sami kalmar Takari.

Ya tabbata a hadisi cewa masallatai uku ne ake ɗaura niyyar tafiya musamman dominsu: na Makka, da na Madina, da na Ƙudus. Saboda haka ya zama al'ada ga alhazan da, idan sun gama aikin Hajji sun ziyarci Madina, su cike da ziyarar alƙibla ta farko. Waɗansu daga cikinsu da suka iso Ƙudus sai suka zaɓi maƙwabtaka da Masallacin har ƙarshen rayuwarsu. A zamanin Turkawa, waɗanda suka karɓi birnin a 1516, an san Takarina da aikin gadin ƙofofin Masallacin, har matafiya Turawa na ƙarni na 19 sun rubuta labarin tsananinsu wajen hana wanda ba Musulmi ba shiga. An ba su wannan amana ne don an shaide su da riƙon alkawari, kuma ba su da dangi a gari da za a bi ta wajensu a saye su.

DAGA MASAUKI ZUWA KURKUKU

A ƙarshen mulkin Turkawa hukuma ta mai da ribaɗan nan biyu gidajen yari. Na Mansuri aka riƙa kiransa Habsur Ribaɗ, na Ala'uddin kuwa Habsud Dam, watau kurkukun jini, domin nan ake tsare masu manyan laifuffuka. Dubi yadda zamani ke juyawa: ɗakin da sarki ya gina don baƙon Allah ya huta ya koma wurin da ake kulle mutum da mari. Wannan sauyi ne wanda ya saɓa wa sharaɗin mai waƙafi ƙarara.

Ingilishi suka shiga Ƙudus a watan Disamba na 1917. A 1921 aka kafa Majalisar Ƙoli ta Musulunci domin kula da waƙafi da kotunan shari'a, Alhaji Aminul Husaini, Muftin Ƙudus, ya shugabance ta. Ofishinta yana Makarantar Manjakiyya, a bakin wannan ƙofa, shi ya sa har yau ake kiran ƙofar Babul Majlis. Hukumar waƙafi ta ba mutanen Afirka ribaɗan biyu su zauna a kan kuɗin haya kaɗan, waɗansunsu kuma suka zama masu tsaron Muftin kansa. Yawancin kakannin mazauna na yanzu a wannan zamani na Ingilishi suka iso, daga Cadi da Nijeriya da Sudan da Senegal, cikinsu akwai Hausawa da Barebari da Fulani da Salamat da Zagawa. Waɗansu kuma sun zo tare da rundunar Masar a yaƙin 1948. Suka auri matan gari, 'ya'yansu suka tashi da Larabci, suka zama Falasɗinawa kamar kowa.

Tun 1935 suka kafa ƙungiyar taimakon juna, a 1983 kuma suka kafa Ƙungiyar Al'ummar Afirka, wadda ke amfani da babban ɗakin taro na Ribaɗin Mansuri domin karatun yara da tarurruka. Daga cikinsu ne aka sami Fatima Barnawi, wadda mahaifinta mutumin Nijeriya ne, ita ce aka sani da mace ta farko da Isra'ila ta ɗaure cikin 'yan gwagwarmayar Falasɗinu bayan yaƙin 1967. Ta rasu a Alƙahira a 2022. Wajibi ne kuma mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji: akwai jahilai a birnin da suka daɗe suna kiran unguwar da sunan kurkukun bayi, alhali mutanen nan 'ya'ya ne, da ƙafarsu kakanninsu suka zo neman lada. Wannan jahiliyya ce wadda Musulunci ya zo ya rushe, kuma ba ta ƙare ba tukuna a zukatan waɗansu Musulmi.

HALIN DA GIDAN YAKE CIKI

Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne iyali kamar 50 ke zaune a ribaɗan biyu, mutum ɗari uku da wani abu zuwa ɗari huɗu. Ɗakin da aka yi don mutum guda yanzu miji da mata da 'ya'ya ne a ciki. Da yara suka girma suka yi aure, sai aka shiga gina ɗakuna na bulo da siminti a tsakar gida, aka ɗora waɗansu a kan waɗansu, har filin da ke ba gidan iska da haske ya koma lunguna.

Ba mu zargin mutanen nan, domin dalilansu a fili suke. Tun da Isra'ila ta mamaye gabashin Ƙudus a 1967, Bafalasɗinen birnin yana riƙe ne da takardar izinin zama, wadda ake iya ƙwace ta idan aka ga ya ƙaura ya mai da rayuwarsa wani wuri. Izinin gini yana da wuyar samu ƙwarai, hayar gida a birnin kuma ta fi ƙarfin talaka. Don haka mutum ya gwammace ya matsu a ɗakin ubansa da ya fita ya rasa birnin ɗungum. Ga kuma shingen 'yan sanda a kan hanyar da ta nufi ƙofar Masallacin, wanda mazauna da baƙinsu suke fama da shi.

Shi ginin kansa kuwa ciwonsa iri biyu ne. Na farko danshi. Magina na da sun haɗa duwatsu da farar ƙasa, wadda ke barin ruwa ya fita ya bushe. Siminti kuwa toshe ruwa yake yi a cikin bango, sai gishiri ya taru ya riƙa cin dutsen daga ciki. Idan aka ƙara da bututun ruwa da na bayan gida waɗanda aka saka daga baya, suna yoyo a ɓoye, sai abin ya haɓaka. Na biyu nauyi. Rufin baka yana da ƙarfi matuƙar nauyin da ke kansa daidai yake da yadda aka tsara, amma in aka ɗora masa bene a gefe guda sai ya fara buɗewa.

Akwai ciwo na uku wanda ya fi waɗannan, shi ne yankewar kuɗin shiga. Al'adar masu waƙafi na da ita ce ba su gina masauki su bar shi haka nan. Sukan haɗa shi da gonaki da kantuna da gidajen wanka, abin da aka samu a ciki a yi gyara, a biya mai gadi, a sayi man fitila. A ƙarni na 19 gwamnatin Turkawa ta tattara kuɗin waƙafai da yawa zuwa baitulmalinta, bayan 1948 kuma filayen waƙafi da suka faɗa cikin Isra'ila aka karɓe su a ƙarƙashin dokar dukiyar waɗanda ba su nan ta 1950. Sai gine-ginen suka rage kamar bishiyar da aka sare wa saiwa. Yau hukumar waƙafi ta Ƙudus, wadda ke ƙarƙashin gwamnatin Jodan, ita ke da alhakin su, tare da ɗaruruwan gine-gine irinsu.

ABIN DA FIƘIHU YA CE

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun yi bayani a kan irin wannan matsala dalla-dalla, wanda ya karanta babin waƙafi a Risala da Muhtasar na Shaihu Halil zai tarar da shi. Za mu taƙaita hukunci huɗu.

Na ɗaya, sharaɗin mai waƙafi abin bi ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Wanda ya ce gidansa na matalauta da baƙi ne, ba mai ikon mai da shi na mawadata.

Na biyu, gida ko fili na waƙafi ba a sayar da shi ko da ya zama kango. Abin da aka keɓe shi ne idan ana bukatarsa don faɗaɗa masallacin Juma'a, ko hanyar jama'a, ko maƙabarta, sa'an nan a sa kuɗin a cikin wani waƙafi madadinsa. Hanafawa da Hambalawa sun fi sassauci wajen musanya waƙafin da ya daina amfani, amma tarihi ya nuna ta wannan ƙofa ce azzaluman masu mulki suka cinye waƙafai da yawa, shi ya sa malamanmu suka ƙuntata ta.

Na uku, gyara shi ne farkon abin da ake yi da kuɗin waƙafi, kafin a raba wa kowa komai. Ko da mai waƙafin ya shar'anta kada a fara da gyara, sharaɗin nan ba a binsa. Har ma an ce idan wanda aka ba gida ya zauna ya ƙi gyara shi, a fitar da shi na ɗan lokaci, a ba da gidan haya, a gyara da kuɗin, sa'an nan ya koma.

Na huɗu, wanda ya riga ya zauna a gidan waƙafi bisa cancanta ba a fitar da shi don a ba wani, sai in mai waƙafin ya shar'anta haka, ko kuwa shi mazaunin ya yi ƙaura wadda ba ya nufin dawowa.

Idan muka haɗa hukuncin nan huɗu, sai mu ga shari'a ta tsare ginin, ta kuma tsare mutumin da ke cikinsa, ba ta yarda a ceci ɗaya da halakar ɗayan ba.

DARASI DAGA MAƘWABTA

Duk inda tsohon gini irin wannan yake a tsakiyar birni, akan sami masu cewa a kwashe mutane a mai da shi gidan tarihi ko masaukin masu yawon buɗe ido, don ya ci da kansa. An yi haka a Alƙahira da Wakalar Guri, masaukin fatake da aka gina a 1504, wadda yanzu wurin masu zane ne da wasannin gargajiya. Ginin ya tsira, ya yi kyau. Amma Alƙahira daban, Ƙudus daban. Tsohon birnin Ƙudus yana cikin jerin wuraren tarihi na hukumar UNESCO tun 1981, an kuma sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗari tun 1982, duk da haka rajistar ba ta hana abin da ya faru da maƙwabtan ribaɗin ba.

Unguwar Magariba, waƙafi ce tun zamanin ɗan Salahuddin domin mutanen Arewacin Afirka, an rushe ta cikin kwana biyu a watan Yuni na 1967, gida wajen 135, aka mai da wurin fili. Makarantar Tankiziyya, wadda aka gina a 1328 a bakin Ƙofar Silsila, tun 1969 tana hannun jami'an tsaron Isra'ila. Ribaɗin Kurd da ke bakin Ƙofar Ƙarfe, wanda aka gina a shekarar da Ala'uddin ya rasu, wani sashensa ya rufta a 1971 saboda ramin da ake haƙawa a ƙarƙashinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A birni irin wannan, gidan da ba kowa ciki shi ne tsagaggen bango. A watan Yuli na 2017, sa'ad da aka kafa na'urorin bincike a ƙofofin Masallacin, Musulmi suka ƙi shiga suka yi mako biyu suna salla a kan tituna har aka cire su, mazauna ribaɗan nan suna cikin waɗanda suka tsaya da masallata da ruwa da abinci. Gidan tarihi da ake rufewa da la'asar ba zai yi wannan aiki ba.

Akwai kuma misalai masu faranta rai. Takiyyar Haski Sulɗan, wadda matar Sarki Sulaiman na Turkiyya ta kafa a 1552, har yau tana dafa abinci tana raba wa matalauta. Gine-ginen da ke kewaye da ita sun zama makarantar marayu tun 1922, ana koya musu sana'a. Shirin farfaɗo da tsohon birnin na ƙungiyar Ta'awun ya gyara gidaje da yawa ba tare da ya raba su da masu su ba, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004. Zawiyar Indiyawa da ke kusa da Ƙofar Sahira, wadda wani iyali daga Indiya ke riƙe da ita tun 1924, tana nan tana saukar da baƙi, gwamnatin Indiya kuma tana taimaka mata, ko da yake yawancin mutanen ƙasar ba Musulmi ba ne.

SHAWARARMU

Abin da muke gani shi ne, makomar Ribaɗin Mansuri tana rubuce a bisa ƙofarsa tun shekara ta 681. Ya zauna gidan mazauna, a gyara shi sashe sashe, ana ɗauke iyali kaɗan zuwa wani wuri a cikin birnin da rubutaccen alkawarin komawa, a gama a mai da su, sa'an nan a matsa gaba. A ɓamɓare siminti inda yake cutar dutse a koma ga farar ƙasa, a sake bututu, a rage nauyin da ke kan bakuna. Aikin ya kasance a hannun masana tsofaffin gine-gine, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Cunkoso kuwa ba ya warkewa sai an samar wa matasan iyalai gidaje na waƙafi a cikin iyakar birnin, yadda ba za su rasa takardunsu ba. An yi irin wannan a Azhar, inda ɗalibai baƙi, har da na ruwaƙin Barno, suka koma sabon mazauni da aka buɗe musu a 1959. Babban ɗakin taro ya ci gaba da hidimar yara, in kuma aka sami sarari a keɓe ko ɗaki biyu ne domin baƙi masu ziyara daga ƙasashenmu, don rabin sharaɗin sarkin da ya daɗe a ajiye ya dawo da rai.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da kuɗin shiga mai ɗorewa, a nan ne maganar ta zo kanmu. Kakanninmu sun riga mu. Almaƙrizi ya ba da labarin makarantar Ibn Rashiƙ a tsohuwar Alƙahira, wadda alhazan Kanem suka ba da kuɗin gina ta wajen shekara ta 640 Hijira, suka kuma riƙa aiko mata da kuɗi daga ƙasarsu. Mutanen da ke tafiya a kan raƙumi sun iya riƙe gida a Masar daga bakin Tafkin Cadi. Attajiranmu na yau, waɗanda wani cikinsu kan je Umra sau biyu a shekara, ba za su kasa haɗuwa su tsare kanti goma a kasuwa ba, hayarsu ta zama ta gyaran gidan da jikokin alhazanmu ke ciki. Hanyoyin isar da taimako na hukuma suna nan: akwai hukumar waƙafi ta Ƙudus, akwai Baitulmalin Ƙudus da ke Rabat, akwai asusun Aƙsa da Bankin Musulunci na Jidda ke gudanarwa. Ma'aikatanmu na harkokin waje da na hukumomin alhazai su ne suka san yadda ake buɗe irin waɗannan ƙofofi, Nijeriya da Nijar da Cadi kuwa duka suna cikin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda aka kafa a 1969 saboda gobarar da aka sa wa wannan Masallaci.

Daga ƙarshe, wanda duk yake da niyyar barin gida don almajirai ko baƙi ko marayu a garinsu, ya ɗauki darasi daga Sarki Ƙalawun. Ya rubuta sharaɗinsa a gaban alƙali da shaidu, ya yi masa rajista a ofishin ƙasa da hukumar zakka da hubusi ta jiharsa, ya naɗa mai kula, ya kuma haɗa gidan da abin da zai riƙa gyara shi. Sau nawa muka ga gidan da uba ya bar wa Allah da fatar baki, kafin a yi sadakar arba'in magada sun kira dillali? Gonakin Ƙalawun sun tafi, daularsa ta tafi, amma layukan da ya sa aka sassaƙa a dutse su ne hujjar talakawan da ke kwana a gidansa yau.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka gina, Ya tsare waɗanda ke ciki, Ya kuɓutar da Masallacin Aƙsa, Ya ba mu ikon yin sadaka mai gudana kafin ajali ya riske mu. Amin.